Tinariwen ta Da ko ta Yanzu: Wacce Za Ka Fara Zubawa a Waya?

A Kano ba a rasa inda za a ji wannan kiɗan. Duk wanda ya taɓa wucewa da daddare ta gefen Buzaye masu gadi a Bompai ko Nasarawa, sun kewaye kaskon gawayi da 'yar butar shayi, ya san sautin: jita na tafiya a hankali, tafi na biye da ita, mutum ɗaya ya bayar sauran su amsa. Yawancinmu mukan ce kiɗan Buzaye ne mu wuce. Amma kiɗan yana da masu shi, kuma ƙungiyar da ta fi kowa hannu wajen haihuwarsa ita ce Tinariwen, ta Abzinawan arewacin Mali. Turawa na lissafa ta cikin ƙungiyoyin rok saboda jitar lantarki ce jigon kiɗanta. Ta haura shekara 40 tana aiki, kuma tsakanin 2001 da 2023 ta fitar da albam 9 na situdiyo.

Tara sun yi wa mai farawa yawa. Data kuɗi ce, lokacin sauraro ya fi ta tsada, kuma idan ka je wurin masu tura waƙa a Farm Centre ka ce a zuba maka kiɗan Abzinawa, abin da za ka samu shi ne tarin waƙoƙi a cakuɗe, na Mali da na Agadas da na Aljeriya, wasu ko suna babu. Masu bin ƙungiyar kuwa sun rabu biyu. Wasu na cewa komai nata yana cikin huɗun farko, daga 2001 zuwa 2009, abin da ya biyo baya maimaici ne da aka yi wa ado da baƙin Turawa don ya sayu a Turai da Amurka. Wasu na cewa a'a, sai daga 2011 ta nuna. Ni ina ganin ta ci gaba da girma, amma ba ta inda masu tallata ta ke nunawa ba, kuma ba a kowane albam ba.

Ba za a fahimci tsofaffin ba sai an san inda suka fito. Jagoran ƙungiyar, Ibrahim Ag Alhabib, yana ɗan yaro sojojin Mali suka kashe mahaifinsa a tawayen Abzinawa na 1963. Ya tashi a gudun hijira a kudancin Aljeriya, kuma a Tamanrasset ne shi da abokansa suka fara haɗuwa da jita a ƙarshen shekarun 1970. Daga nan suka shiga sansanonin horon soja na Gaddafi a Libiya, suna waƙa ana naɗa a kaset, kaset ɗin na yawo hannu da hannu a cikin Sahara ba tare da an sayar ba. Wasunsu sun ɗauki bindiga a tawayen 1990, suka ajiye bayan sulhun da aka fara a Tamanrasset a 1991. Wato kafin duniya ta ji su a 2001, sun riga sun kwashe shekara 20 suna tara waƙoƙi.

Wannan ne sirrin ƙarfin huɗun farko, kuma ya kamata a yi adalci a faɗe shi: ba sababbin waƙoƙi kaɗai suke rerawa ba, daga rumbu suke ɗiba. Waƙar da aka rera shekara da shekaru a bakin wuta, aka ga wadda mutane ke amsawa da wadda suke yi wa shiru, ta riga ta tace kanta kafin ta shiga situdiyo. Babu mawaƙin da ke samun irin wannan gatan sau biyu.

Na farko, The Radio Tisdas Sessions na 2001, a gidan rediyon garin Kidal na arewacin Mali aka naɗe shi, da taimakon makaɗin jita ɗan Ingila Justin Adams da ƙungiyar Lo'Jo ta Faransa. Busasshe ne, babu ƙyale-ƙyale, kuma shi ne ya fi kusa da abin da ke cikin tsofaffin kaset. Ina girmama shi, amma ba zan ba mai farawa shi ba, don sai kunne ya saba yake buɗewa. Amassakoul na 2004 ya fi shi haske da kuzari; a nan ne jitar bes da ganga suka samu wurin zama, har akwai inda Abdallah Ag Alhousseyni ke jero kalmomi da sauri irin na masu rap, da Tamashek, harshen Abzinawa.

Aman Iman na 2007 shi ne ƙololuwar wannan zangon. A Bamako aka naɗe shi, Justin Adams ne furodusa. Jitoci uku ko huɗu ne ke shiga juna ba tare da ɗaya ta taka ɗaya ba: babban yatsa na dukan tsirkiya mai kauri yana riƙe da sauti guda daga farkon waƙa har ƙarshe, sauran yatsun na bin muryar mai bayarwa suna maimaita abin da ya faɗa. A ƙasa akwai tafi da ganga da ke ɗauke da kiɗan tende, wanda matan Abzinawa ke yi da turmi da aka rufe bakinsa da fata. A sama kuma amshin mata ne da guɗa. Kunnen Bahaushe ba ya baƙunta a nan, domin zubin bayarwa da amshi namu ne, hawa da saukar sautin kuma 'yan'uwan na goge da gurmi ne. A cikinsa akwai muryar Mohammed Ag Itlale, wanda ake wa laƙabi da Japonais, mawaƙin da ba ya bin su yawon duniya amma 'yan ƙungiyar ke ɗaukar sa babban mai hikimar baiti; ya rasu a 2021. Akwai kuma waƙar da aka yi wa Mano Dayak, jagoran Abzinawan Nijar da ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1995, wanda filin jirgin Agadas ke ɗauke da sunansa. A shekarar da albam ɗin ya fito ne suka buɗe wa Rolling Stones, shahararriyar ƙungiyar rok ta Ingila, fili a ƙasar Ailan. Imidiwan na 2009, da aka naɗa a garin Tessalit na arewacin Mali, ƙanin Aman Iman ne: yana da kyau, yana da zafi, amma bai ƙara wani ɗaki a gidan ba. Da a nan suka tsaya suna ta fitar da irinsa, da masu cewa sun ƙare sun yi gaskiya.

Kafin a yanke wa sababbin hukunci sai an daidaita mudun awo. A al'adar rok ta Turawa, ana cewa ƙungiya ta ci gaba ne idan ta sauya sauti daga albam zuwa albam, ta shigo da sababbin kayan kiɗa, ta yi abin da zai ba tsofaffin masoyanta mamaki. Mu ba haka muke auna mawaƙi ba. Alhaji Mamman Shata da kalangu ya fara, da kalangu ya rasu a 1999, kuma babu mai hankalin da zai ce Shatan ƙuruciya da Shatan manyantaka ɗaya ne. Abin da ya sauya shi ne nauyin magana, da sanin inda za a yi shiru a bar kiɗa ya ƙarasa zance, da abin da shekaru suka yi wa murya. Da wannan mudun ya kamata a auna Tinariwen, domin daga irin wannan al'adar ta fito, ba daga Landan ba.

Da shi kuwa, Tassili na 2011 ci gaba ne na gaske. Sun ajiye jitar lantarki kusan gaba ɗaya, suka koma jitar katako da ƙwarya da tafi, suka kafa tanti a cikin duwatsun kudu maso gabashin Aljeriya kusa da garin Djanet, a can aka naɗe. Ƙungiyar da duniya ta sani da ƙarar lantarki, wadda shekara ɗaya kafin nan ta yi wasa a bikin buɗe gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, ta zaɓi ta rage murya a daidai lokacin da kasuwa ke son ta ƙara. Kuma da aka cire ƙarar, sai aka ga abin da ke ƙarƙashi: muryar Ibrahim mai kaushi, wadda ba ta yin sama, tana magana ne kamar mai faɗa wa kansa. A nan baƙi suka fara shigowa sosai. Tunde Adebimpe da Kyp Malone na ƙungiyar TV on the Radio sun je har tantin, an kuma ƙara jitar Nels Cline da masu busa ƙaho na Dirty Dozen Brass Band daga New Orleans. Ƙahonnin sun zauna daram, suna ja a hankali kamar masu rakiyar gawa. Baitin Turancin da ke cikin waƙa ɗaya kuwa har yau ban ga abin da ya ƙara ba. Albam ɗin ya ci kyautar Grammy a 2012, amma ba don kyautar nake yaba shi ba.

Sai 2012 ta zo. 'Yan tawayen Abzinawa na ƙungiyar MNLA suka ayyana arewacin Mali a matsayin ƙasar Azawad a watan Afrilu, masu iƙirarin jihadi suka ƙwace iko daga hannunsu, aka haramta kiɗa a garuruwan arewacin Mali, har aka kama ɗaya daga cikin makaɗan ƙungiyar, Abdallah Ag Lamida, a farkon 2013 kafin daga baya aka sake shi. Gida ya gagara. Emmaar na 2014 a hamadar Joshua Tree ta jihar Kalifoniya aka yi shi. Lantarki ya dawo, amma ba irin na Aman Iman ba. Jitocin sun yi nauyi, sun yi duhu, tafiyar ta ragu, amshin mata da guɗar da ke ɗaga tsofaffin waƙoƙin sun ja baya. Wanda ya zo neman rawa zai ce albam ɗin ya mutu. Ni ina jin mutanen da suka taɓa kiran jama'arsu su tashi, yanzu suna kallon abin da tashin ya haifar, daga nesa, a ƙasar da ba tasu ba. Wannan abu ne da su kansu a 2001 ba za su iya rerawa ba, don ba su gan shi ba tukuna. Sai dai akwai gaskiya a ƙorafin masu suka: daga tsakiyarsa waƙoƙin kan fara kama da juna, kuma ba kowa ke da haƙurin kai wa ƙarshe ba.

Elwan na 2017, da aka raba naɗinsa tsakanin Kalifoniya da kudancin Maroko, ya dawo da ɗan kuzari, kuma yana da waƙoƙi biyu ko uku da za su tsaya kafaɗa da kafaɗa da kowace tsohuwa. Amma shi ne wanda na fi jin cewa ƙungiyar ta san abin da ake jira daga gare ta ta kuma bayar. Baƙinsa, irin su mawaƙan Amurka Kurt Vile da Mark Lanegan, sun fi amfani a jikin fosta fiye da cikin kiɗan.

Amadjar na 2019 shi ne hujjata mafi ƙarfi. Sun taso daga Maroko a mota, suka bi gaɓar teku zuwa Muritaniya, suna tsara waƙoƙin a hanya duk inda suka yada zango, sannan suka kafa tanti a wajen birnin Nouakchott suka naɗe a zaune tare, kowa na jin kowa. Babban abin da ya bambanta shi da sauran shi ne baƙuwar da suka gayyata ba daga Amurka take ba. Noura Mint Seymali 'yar gidan mawaƙan gado ce ta Muritaniya, mai kaɗa ardin, wata irin garaya mai tsirkiya da yawa da mata ke kaɗawa a can, ta zo tare da mijinta Jeiche Ould Chighaly mai jita. Muryarta ba ta amshi ba ce, ta mai bayarwa ce, tana hawa inda muryoyin dattawan ba sa zuwa, tana karya sauti irin na makarantar waƙar Larabawan Sahara. Da ta shigo sai dole Tinariwen su matsa su ba ta wuri, kuma a wannan matsawar ne aka ji sun yi abin da ba su taɓa yi ba. Hatta Turawan da aka ƙara daga baya sun fi dacewa a nan, musamman gogen Warren Ellis, wanda ya kaɗa shi da kaushi har ya yi kusa da imzad, gogen tsirkiya ɗaya na matan Abzinawa. Albam ne na mutanen da ba su da sauran abin da za su tabbatar wa kowa, suna sauraren juna. Ya fi dukkan sauran sanyi, ya kuma fi su zurfi.

Amatssou na 2023 ya fi wuyar yanke wa hukunci. An shirya yin sa a Nashville, cibiyar kiɗan kantiri na Amurka, annobar korona ta rushe shirin, suka koma Djanet suka naɗe, furodusa Daniel Lanois, wanda ya yi aiki da U2 da Bob Dylan, ya yi nasa aikin daga Amurka. An sa banjo na Wes Corbett da goge da kwantacciyar jitar ƙarfe ta Fats Kaplin. Tunanin ba banza ba ne, domin asalin banjo daga Afirka ta Yamma yake, dangin su molo da gurmi ne da bayi suka tafi da iliminsa. A wasu waƙoƙin banjon na shiga tsakanin jitocin kamar da ma can wurinsa ne. A wasu kuma ana jin ɗinkin: an gama waƙa a Sahara, an aika da ita ƙetare an shafa mata mai. Hannun Lanois yana son amo mai yawo da sarari mai faɗi, wanda ke sa komai ya yi kyau amma yana rage ƙurar da ke ba kiɗan nan ɗanɗano. Albam ne mai daɗi. Ban ce ya wuce Amadjar ba.

Maganar baƙin nan tana buƙatar a faɗe ta ƙarara, domin a kanta gardamar ta fi tsayawa. Kamfanonin da ke sayar da Tinariwen a Turai da Amurka suke, kuma sanannen suna a bayan faifai yana jawo ɗan jarida da mai saye. Wannan ba abin kunya ba ne, da shi ake biyan jirgi da ciyar da iyalai a Kidal da Tamanrasset. Kuskuren shi ne ɗaukar jerin baƙi a matsayin shaidar ci gaba, kamar yadda masu yabo ke yi, ko shaidar lalacewa, kamar yadda masu suka ke yi. Gwajin mai sauƙi ne, kowa zai iya yi da kunnensa: ka cire baƙon a zuciyarka, ka ga ko waƙar ta rasa wani abu. Cire Noura Mint Seymali, waƙar ta rushe. Cire yawancin mawaƙan Amurka da suka sa murya, babu abin da ya taɓu.

Akwai kuma abin da yawancinmu a Kano ba ma samu, wato ma'anar baitocin, tunda ba ma jin Tamashek. Wanda ya nemi fassarar da ke zuwa da albam ɗin zai ga sauyin ya fi bayyana a nan fiye da cikin kiɗan. Tsofaffin waƙoƙin kira ne: ku farka, ku tuna gida, ku tuna waɗanda aka kashe, ga kewar hamada da ƙishirwa da zaman banza a ƙasar wasu. Sababbin sun juya fuska ciki. Suna tuhumar 'yan'uwansu da rarrabuwar kai, da sayar da jama'a saboda abin duniya, suna tambayar abin da aka samu bayan duk jinin da aka zubar. Zagin maƙiyi ya fi sauƙi a kan faɗa wa naka gaskiya, kuma mawaƙin da ya tashi daga na farko zuwa na biyu bai tsaya wuri ɗaya ba. Idan kana da maƙwabci Ba'abzine, ka zauna da shi ya fassara maka ko da waƙa ɗaya ce. Mutanen nan ba baƙinmu ba ne. Ayarinsu ne ke sauka a Fagge da gishiri da dabino, ga unguwar Agadasawa a cikin birni, kuma marinan Kura sun daɗe suna rina musu baƙin rawanin nan mai sheƙi.

Abin da aka rasa kuma an rasa shi. Wutar Aman Iman ba ta dawo ba, kuma ba na tsammanin za ta dawo daga mutanen da suka haura sittin. Wanda ita yake nema, ya same ta a hannun 'ya'yan da suka haifa a kiɗa: Tamikrest daga yankin Kidal, Imarhan daga Tamanrasset, Bombino daga Agadas, da Mdou Moctar na Nijar, wanda jitarsa ta fi ta kowa gudu da ƙara a yanzu. Shi Mdou ma a Sakkwato ya naɗi albam ɗinsa na farko a 2008, da na'urar gyaran murya irin wadda mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da ita, waƙoƙin suka bazu a Sahara ta Bluetooth daga waya zuwa waya. Neman wannan zafin a wurin Tinariwen ta yau neman abu ne a inda ba a ajiye shi ba.

Ga wanda bai taɓa zama ya saurare su ba, Aman Iman ne mafari, ba ni da shakka a kai. Shi zai nuna maka dalilin da ya sa ake maganarsu. Direba mai bin hanyar Katsina ko Daura, ko mai shago da ke son abin da zai riƙe shi a farke, ya haɗa da Amassakoul ya tsaya nan, ba zai yi asara ba. Wanda kuwa yake da huɗun farko ya daɗe yana ji, yana tunanin ko sababbin sun cancanci datarsa, kada ya bi su a jere. Ya tsallake zuwa Amadjar, ya ba shi dare biyu ko uku kafin ya yanke hukunci, domin ba ya kama mutum a jin farko. Idan ya shige shi, sai Tassili. Emmaar na ranar da zuciya ta yi nauyi ne. Elwan da Amatssou su zo daga baya, ga wanda ya riga ya zama ɗan gida. Mai son jin tsoho da sabo a wuri guda kuma, akwai wasan da suka yi a Paris aka fitar a 2015, tare da Lalla Badi, dattijuwar mawaƙiyar tende da ta riƙe su tun suna samari a Tamanrasset.

Yadda za ka saurara ma yana cikin zaɓin. Tsofaffin albam ɗin suna jure lasifikar waya da hayaniyar titi, saboda tafi da jitar lantarki suna huda komai. Sababbin ba sa jurewa. Rabin abin da ke cikin Amadjar da Tassili a ƙasa-ƙasa yake, jan goge da ƙarar yatsa kan tsirkiya da muryar da ke amsawa daga bayan tanti, kuma shi ne ke fara ɓacewa idan an matse fayil don ya yi ƙarami ko an tura shi sau goma ta WhatsApp. Da yawa daga cikin masu cewa sababbin ba su da armashi a irin wannan kwafin suka ji su. Ka nemo su a Spotify ko shafin ƙungiyar na YouTube, inda sunan kowace waƙa da albam ɗinta yake a rubuce, kuma wani abu ke komawa ga masu ita. Idan wurin mai tura waƙa za ka je, rubuta masa sunan albam da shekararsa a takarda, ka ce babban fayil kake so, sannan ka duba jerin waƙoƙin kafin ka biya.